Giɓin kasafin kuɗi a gundumomin makarantun Amurka: tambayoyin da iyaye ke yawan yi

Duk shekara, daga Fabrairu zuwa Mayu, saƙonni kan fara shigo wa iyaye daga gundumar makarantu: akwai giɓi a kasafin baɗi, za a rage ma'aikata, ƙila a haɗe makarantu biyu. Mu da 'ya'yanmu ke makarantun gwamnati a Amurka, musamman waɗanda ba a nan muka yi karatu ba, tambayoyi iri ɗaya muke ta yi wa juna. Na tattara su a nan, na amsa da abin da na fahimta daga zaman da nake yi a tarukan hukumar makarantu. Dokoki sun bambanta daga jiha zuwa jiha, don haka kowa ya gwada abin da ya karanta da dokar jiharsa.

Mece ce gundumar makarantu, kuma wa ke riƙe da lalitarta?

Ƙaramar hukuma ce da ke tafiyar da makarantun gwamnati na wani yanki, daga ajin share fage zuwa aji 12. Akwai irinta sama da 13,000 a ƙasar. Wata gunduma a karkara makaranta ɗaya tal gare ta, wata kuma, kamar ta birnin Niyok, ɗalibanta sun doshi miliyan. Jihar Hawayi ce kaɗai ke da gunduma guda ga jiha baki ɗaya.

A yawancin wurare mazauna yankin ne ke zaɓen mambobin hukumar. Su ke ɗaukar shugaban gunduma aiki, su ke amincewa da kasafi. Shekarar kuɗi galibi takan fara ranar 1 ga Yuli ta ƙare 30 ga Yuni, kuma doka a mafi yawan jihohi ba ta yarda a zartar da kasafin da kashewa ta fi shiga ba. Shi ya sa da zarar an hango giɓi, dole a toshe shi kafin ƙarshen Yuni.

Daga ina kuɗin ke fitowa?

Hanya uku ce. Idan aka yi lissafin ƙasa gaba ɗaya, kusan kashi 45 cikin ɗari daga jiha yake zuwa, wani kusan kashi 45 daga yankin kansa, akasari harajin gidaje da filaye, sauran kashi goma ko ƙasa da haka daga gwamnatin tarayya. Mutane da yawa kan yi mamakin ƙanƙantar kason tarayya, amma tsarin mulkin Amurka bai ambaci ilimi ba, ya bar shi a hannun jihohi.

Ɗan abin da tarayya ke bayarwa ma a ɗaure yake. Shirin Title I, wanda ya samo asali daga dokar da shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu a 1965, na makarantun da 'ya'yan talakawa suka yi yawa ne. Akwai na yara masu buƙata ta musamman, akwai na abincin rana. Ba a ɗaukar ɗaya a toshe ramin wani. Kuɗin jiha kuwa daga harajin albashi da na saye da sayarwa yake fitowa, saboda haka idan tattalin arziki ya girgiza, kamar yadda ya faru a 2008, makarantu kan ji a jikinsu shekara ɗaya ko biyu bayan nan.

Me ya sa wata gunduma ke cikin wadata, maƙwabciyarta kuma na fama?

Harajin gidaje ne tushen abin. A ɗauka gundumomi biyu ne, kowace da ɗalibai 1,000. Darajar kadarorin ɗaya dala biliyan 2, ta ɗayar miliyan 500. Idan dukkansu suka karɓi kashi ɗaya cikin ɗari, ta farko za ta sami dala 20,000 a kan kowane yaro, ta biyu 5,000. Sai talakawan gunduma ta biyu sun ninka harajinsu sau huɗu kafin su kamo masu hali.

An kai wannan magana kotu. A 1973, a shari'ar Rodriguez da iyayen unguwar Edgewood ta birnin San Antonio suka shigar, Kotun Ƙoli ta yanke, alƙalai 5 da 4, cewa tsarin mulkin tarayya bai sa ilimi cikin haƙƙoƙi na asali ba. Daga nan fafutukar ta koma kotunan jihohi, inda aka yi nasara a wurare kamar Kentaki a 1989 da jihar Washinton a 2012. Yanzu kusan kowace jiha tana da ƙa'idar rabo da ke ƙara wa gundumar da harajinta ya gaza. Teksas ta wuce nan: tun 1993 tana karɓa daga gundumomi masu tsadar kadara ta sake rabawa. Duk da haka tazarar ba ta rufe ba, an dai rage ta.

To ina kuɗin ke tafiya?

Wajen mutane. Kusan kashi 80 cikin ɗari na kuɗin gudanarwa albashi ne da alawus: malamai, mataimakansu, direbobin bas, masu dafa abinci, masu shara, nas, masu ba yara shawara. Ragowar shi ne wuta, ɗumama ajujuwa, man bas, littattafai, kwamfuta da inshora. Duk wanda ya gane wannan ya gane rabin matsalar. Idan giɓin babba ne, rage takarda da alli ba zai toshe shi ba, sai an taɓa aikin wani.

Akwai masu cewa a fara da manyan ofis. Ina tare da su, ya kamata a fara daga can, ko don jama'a su yarda da gaskiyar hukuma. Sai dai a yawancin gundumomi kason babban ofis ƙarami ne, ko an rage shi sosai giɓin na nan.

An ce ɗalibai sun ragu. Ai kamata ya yi kashe kuɗi ma ya ragu?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma ita ce mabuɗin wasu amsoshi da ke ƙasa. Jiha kan biya gunduma ne bisa yawan kawuna. Yaro ya tafi, kuɗinsa ya bi shi. Amma ɗawainiyar ba ta binsa.

A ɗauka gunduma mai makarantu 20 ta rasa yara 200, jiha kuma na ba da dala 10,000 a kan kowane. An rasa miliyan 2 ke nan. Yaran nan ba daga aji ɗaya suka fita ba. Ɗaya daga nan, biyu daga can. Ajin da ke da yara 24 ya koma 23, kuma har yanzu yana buƙatar malami guda cur. Bas na bin hanyar da ya saba, kujera ɗaya ce kawai babu kowa. Ana ɗumama ginin kamar jiya, shugaban makaranta na nan, rufin da ke yoyo bai daina ba. Kuɗin shiga ya sauka, na fita kuma ba ya sauka sai an haɗe ajujuwa ko an rufe gini.

Raguwar kuwa ba ta wucin gadi ba ce. A 2007 an haifi jarirai kusan miliyan 4.3 a Amurka, a 2023 kusan miliyan 3.6. Ga kuma annobar korona, wadda a kakar 2020 kaɗai ta rage wa makarantun gwamnati ɗalibai fiye da miliyan ɗaya. A jihohi irin su Kalifoniya da Teksas ma ba sunan da ke rajista ake ƙirgawa ba, zuwan yaro kullum ake ƙirgawa. Wanda ya yi doguwar tafiya da yara a tsakiyar zango ya sani cewa bayan darasin da ya wuce su, makarantarsu ma ta yi asarar kuɗi.

Ina maƙudan kuɗin da aka bayar lokacin korona?

Sun ƙare. Tsakanin Maris 2020 da Maris 2021 majalisar tarayya ta ware wa makarantu kusan dala biliyan 190 a zagaye uku, ƙarƙashin shirin ESSER. Ba a taɓa ba su irin wannan a lokaci guda ba. Amma an gindaya wa'adi: zagayen ƙarshe, na biliyan 122, sai an tsayar da inda za a kashe shi kafin 30 ga Satumba 2024.

Gundumar da ta sayi na'urar tace iska ko ta gyara rufi ta kashe ta huta. Wadda ta ɗauki malaman koyar da karatu da masu ba yara shawara, ko ta ƙara albashi, ta ɗaura wa kanta nauyin kowace shekara da kuɗin shekara uku. Ba na ganin laifinsu gaba ɗaya, domin yara sun koma baya ƙwarai, kuma mutum ne ke koya wa yaro karatu. Abin da nake zargi shi ne inda hukuma ta san ranar ƙarewa tun farko amma ba ta gaya wa iyaye ba sai da ta iso.

Me ya sa kullum ake ambaton yara masu buƙata ta musamman?

Tun 1975 dokar tarayya, wadda yanzu ake kira IDEA, ta wajabta wa kowace gunduma ta ba yaro mai naƙasa ilimin da ya dace da shi kyauta. Majalisa ta ce za ta ɗauki har kashi 40 cikin ɗari na matsakaicin kuɗin ɗalibi a kan kowane irin wannan yaro. Ba ta taɓa cika alkawarin ba, a shekarun nan ko rabinsa ba ta kaiwa. Yaran kuwa sun haura miliyan 7, kusan kashi 15 cikin ɗari na ɗalibai. Abin da tarayya da jiha suka gaza biya, daga babban asusun gunduma ake cikawa, kuma doka ba ta barin a rage shi yadda aka ga dama. A ƙaramar gunduma, yaro ɗaya da ke buƙatar nas tare da shi duk yini ko makaranta ta musamman a wani gari zai iya sauya lissafin shekara.

Ina roƙon 'yan'uwa iyaye, kada wannan ya sa a kalli yaran nan a matsayin kaya. Na taɓa jin wani uba ya miƙe a taro yana cewa su ke cinye kuɗin kowa, alhali uwar wani yaro mai keken guragu na zaune a layin bayansa, ta sunkuyar da kai. Bashin yana wuyan waɗanda suka yi alkawari suka saɓa.

Mene ne ruwan fansho da inshorar lafiya a ciki?

Su ne nauyin da ba a gani a aji. Yawancin malamai na cikin asusun fansho na jiha, kuma shekaru da dama an riƙa zuba ƙasa da abin da ya kamata. Yanzu ana biyan bashin baya. A Kalifoniya, kason da gunduma ke zubawa a asusun malamai ya tashi daga kashi 8.25 cikin ɗari na albashi kafin dokar 2014 zuwa 19.1 a 2022. Ba a ƙara malami ko ɗaya da wannan kuɗi ba. Inshorar lafiya ita ma takan yi tashin da ya fi na kuɗin shiga. Kafin a ce malamai sun cika ci, a tuna cewa a jihohi irin su Kalifoniya, Ilinoi da Ohayo malamai ba sa cikin fanshon tarayya na ma'aikata, wannan asusun shi ne madogararsu a tsufa.

Ana kukan babu kuɗi, ga shi kuma ana gina sabon filin wasa. Yaya ke nan?

Asusu biyu ne da doka ta raba. Na gudanarwa shi ke biyan albashi da wuta. Na gine-gine kuma yawanci bashi ne da masu zaɓe suka amince a ci don aiki takamaimai, ana biyansa cikin shekara 20 ko 30 daga harajin gidaje. Ba a taɓa shi a biya malami.

Wannan bai hana a tambayi hukuma dalilin fifita fili a kan rufi ba. A 2020 ofishin binciken kuɗi na majalisar tarayya ya ƙiyasta cewa kashi 41 cikin ɗari na gundumomi na buƙatar gyara ko sauya na'urorin iska da ɗumama a aƙalla rabin makarantunsu. Na shiga wani aji ranar ganawa da malamai, na tarar da bokiti biyu a bayan kujeru, malamar ta jawo shiryayyen littattafai tsakiyar ɗaki don kada ruwa ya jiƙa su. Gyaran da aka ɗage don a tsuke bakin aljihu bana, shi ke dawowa ninki biyu bayan 'yan shekaru.

Me zai hana a ƙara haraji kawai?

Jihohi da yawa sun ɗaure hannun gundumomi. A 1978 masu zaɓen Kalifoniya suka zartar da ƙuduri na 13, wanda ya tsayar da harajin kadara a kashi ɗaya cikin ɗari, ya kuma hana darajar da ake lissafi da ita tashi fiye da kashi 2 a shekara sai an sayar da gidan. Masachusets ta sa nata iyakar ta kashi 2.5 a 1980. Jihar Niyok ta kafa iyakar kashi 2 a 2011, kuma gundumar da ke son wuce ta sai ta sami kashi 60 cikin ɗari na ƙuri'u. Idan albashi, mai da inshora suka tashi fiye da iyakar, giɓi ya buɗe ko da babu wanda ya yi almubazzaranci.

Inda aka yarda a nemi ƙari, sai an je akwatin zaɓe, kuma yawancin gidaje ba su da yaro a makaranta. Dattijuwar da ke rayuwa da fansho tana da hujjarta idan ta ƙi. Mai haya kuma kada ya ɗauka ba ruwansa, domin harajin na cikin kuɗin hayar da yake biya. Gargaɗi ɗaya: in ban da wurare ƙalilan, ɗan ƙasa ne kaɗai ke jefa ƙuri'a, kuma yin ta ba tare da cancanta ba na iya lalata wa mutum takardunsa. Magana a taron hukuma kuwa ta kowa ce, duba amsa ta ƙarshe.

Makarantun charter da tallafin shiga makarantun kuɗi na rage wa gunduma?

Suna ragewa, ta hanyar da na bayyana a amsar raguwar ɗalibai: kuɗin na bin yaro, ɗawainiyar na zama. Makarantun charter, waɗanda gwamnati ke biya amma wasu ke gudanarwa bisa yarjejeniya, sun fara ne da dokar Minesota ta 1991. A 2022 Arizona ta buɗe wa kowane ɗalibi damar karɓar kason jiha ya kai makarantar kuɗi, wasu jihohi kuma sun bi sahu. Ba na ganin laifin uwar da ta nema wa ɗanta inda ya fi masa. Tambayar da ya kamata a yi wa 'yan majalisar jiha ita ce, wa zai ɗauki nauyin ginin da yaran da suka rage?

Na ga akwai miliyoyi a asusun ajiya. Me ya sa ba za a kashe su ba?

Albashi wata-wata ne, haraji kuma sau ɗaya ko biyu yake shigowa a shekara, ajiyar ce ke riƙe tsakani. Ita ce kuma ake dubawa kafin a ba gunduma bashi da ruwa mai sauƙi. Ana iya taɓa ta a tsallake shekara guda mai wuya. Amma idan giɓin mai dawowa ne duk shekara, cinye ajiya jinkiri ne kawai, irin wanda ya biyo bayan kuɗin korona.

Me ake fara yankewa, kuma rufe makaranta na kawo sauƙi?

Yawanci akan fara da ƙin cike gurbin wanda ya yi ritaya, sai ajujuwa su kumbura. Daga nan a taɓa abin da doka ba ta tilasta ba: kiɗa, zane, laburare, karatun bazara, bas ɗin yamma na masu ƙarin darasi. Ɗaruruwan gundumomi, galibi na karkara a jihohi kamar Kolorado, Mizuri da Oklahoma, sun koma karatun kwana huɗu a mako. Idan aka kai ga sallama, a wurare da yawa sabon ɗauka ne ke fara tafiya, kuma sababbin malamai sun fi yawa a makarantun marasa galihu, don haka can ne bugun ya fi zafi.

Rufe makaranta na rage kuɗi ne idan an rage ma'aikata tare da shi. Ginin da aka rufe yana buƙatar gadi da gyara har a sami mai saye, zirga-zirgar bas na ƙaruwa, wasu iyaye kuma su fice daga gundumar gaba ɗaya da kuɗin 'ya'yansu. A 2013 Shikago ta rufe makarantu kusan 50 a lokaci guda, akasari a unguwannin baƙar fata, kuma har yau ana jin ciwon abin. Wani lokaci babu makawa, gini na yara 600 ba zai zauna da 200 har abada ba. Amma a nemi hukuma ta nuna lissafin abin da za a tsira da shi a rubuce.

Gunduma na iya durƙushewa baki ɗaya?

Tana iya kai wa inda jiha za ta karɓe ragama. Fensilbaniya ta karɓi makarantun Filadelfiya a 2001, ba su koma hannun birnin ba sai 2018. A Detroit bashi ya yi katutu har a 2016 jihar Mishigan ta ware dala miliyan 617, ta bar tsohuwar gunduma da biyan bashi, ta kafa sabuwa don koyar da yara. Galibi karatu ba ya tsayawa a irin wannan hali, amma muryar iyaye kan yi rauni, domin mai yanke hukunci ba su suka zaɓe shi ba.

Rashin kuɗi zai iya sa a hana ɗana gurbi ko darasin Turanci?

A'a. Hukuncin Kotun Ƙoli na 1982 a shari'ar Plyler ya hana jiha korar yaro daga makarantar gwamnati saboda matsayin takardunsa, na 1974 a shari'ar Lau kuma ya wajabta taimaka wa yaron da bai iya Turanci ba. Haƙƙin na nan daram. Abin da ke faruwa shi ne ya sirance a hankali: malamar Turanci da ke makaranta ɗaya ta koma zagaya uku, tafinta ya zama sai an yi mako ana jira. Irin wannan ragi ba ya tayar da ƙura, domin iyayen da abin ya shafa ba kasafai suke zuwa taro ba.

Yaushe ya kamata in sa baki, kuma me zan ce?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da hukuma ke kaɗa ƙuri'a a Mayu ko Yuni, an riga an gama magana. Ƙiyasin yawan ɗalibai kan fito tun kaka, gwamna kan gabatar da kasafin jiha a farkon shekara, kuma a Kalifoniya doka ta ce a sanar da malamin da ake shirin sallama kafin 15 ga Maris. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne maganarku ke da nauyi.

Taron a buɗe yake, takardun kasafi na shafin gunduma a intanet, kuma kuna iya neman tafinta tun kafin ranar. Ku duba abu uku a takardun: hasashen shekaru uku masu zuwa, yawan ma'aikata idan aka gwada da yawan ɗalibai, da abin da ake biya da kuɗin da ba zai dawo ba. Sai ku yi tambaya: giɓin nan na bana ne ko mai dawowa ne? Wace makaranta ce za ta rasa mutum nawa?

Akan ba kowa minti biyu ko uku, da agogo a gabansa. Na ga wata uwa ta zo da rigar aikinta ta dare, ta riƙe takarda hannunta na rawa. Ba ta kawo alƙaluma ba. Ta faɗi ajin 'yarta, ta ce bas ɗin ƙarfe biyar ne kaɗai ke ba yarinyar damar tsayawa ƙarin darasin lissafi, domin ita tana wurin aiki a lokacin kuma ba su da mota. Wani mamba ya juya ya tambayi jami'in kuɗi nawa bas ɗin ke ci a shekara. Ku rubuta taku a gida, ku karanta ta da agogo, ku tafi da wasu iyaye biyu ko uku daga makarantarku, kuma ku sa sunanku a takardar masu magana kafin a buɗe taro.